Adamu Halilu, Daga Majigi Zuwa Shaihu Umar

Manyanmu suna tune da motar majigi, wadda takan shiga ƙauye da yamma, a kafa farin ƙyalle a dandali, yara da manya su zauna a ƙasa suna kallo. A kan wannan ƙyalle aka koya wa mutane tsabta, da noma, da amfanin zuwa asibiti. Amma kaɗan ne cikinmu suka san masu shirya waɗannan hotuna. Ɗaya daga cikinsu shi ne Adamu Halilu.

An haife shi a 1936. Ya yi shekaru yana aiki a sashen fim na gwamnatin Jihar Arewa, inda ya shirya finafinan wayar da kai masu yawa. A nan hannunsa ya faɗa, gama mai koyar da manomi ta hanyar hoto dole ya san yadda zai riƙe hankalinsa.

A 1976 ya ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mai da shi fim, da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Labarin yaro ne da aka sace aka kai shi bauta ƙetaren hamada, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa tana nema. Kowace uwa ta san nauyin wannan labari. Daga baya ya shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Ya rasu a 2001.

To, ga abin da ya kamata mu lura. Shekara da shekaru ana zaton fim ɗin ya ɓace, yara suka tashi ba su taɓa ganinsa ba. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Da gara ko damshi sun riga mu, da shi ke nan.

Haka yake a gidajenmu. Hotunan kakanni suna cikin akwati suna ruɓewa, tsofaffi suna tafiya da labaransu. Mu fito da hotunan, mu rubuta sunaye a bayansu, mu sa yara su zauna kusa da kaka tun tana iya magana.