Kafin mu biya kuɗin kujera, mu san jirgin da za mu hau

Mu ƴan kasuwar Madarunfa ba ma sayen buhun gero sai mun cusa hannu mun ga ƙwayarsa. Amma in za mu Makka ko Dubai, sai mu zube kuɗi a hannun ejan, mu bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano ko mu nufi Yamai, ba mu tambayi wane jirgi zai ɗauke mu ba.

Jama'a, jirgi suna ya tara. Sababbi irin su Boeing 787 ba su shan mai kamar tsofaffi, kuma ba su yawan kwana wurin gyara. Tsoho kuwa sauƙin saya gare shi, shi ya sa ƙananan kamfanoni ke rububinsa. Sai dai araha ba ta ado. Ran da ya lalace, mu ke kwana a filin jirgi, guzuri na ƙarewa.

Ba mu manta da ran 4 ga Mayun 2002 ba, da jirgin EAS samfurin BAC 1-11 ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, mutane fiye da 100 suka rasu. Bayan haka gwamnatin Najeriya ta dakatar da wannan samfurin.

To amma shekaru kaɗai ba su ne ma'auni ba. Jirgin alhazan da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ran 11 ga Yulin 1991 ya hallaka mutum 261. Tsoho ne, amma tayoyin da iskarsu ba ta cika ba su suka jawo wutar. Jirgin Habasha samfurin 737 MAX da ya faɗi a 2019 da mutum 157, watanninsa huɗu kacal da fara aiki. Duk mai tsohuwar Fijo ya san cewa kula ita ce mota.

Don haka muna kira ga hukumar COHO mai shirya aikin hajji da ANAC mai sa ido kan jirage da su riƙa sanar da jama'a a rediyo, da Hausa, sunan kamfani, samfurin jirgi, shekarunsa da lokacin da aka yi masa babban bincike. Ejan kuma ya rubuta sunan kamfanin a kan rasit.

Mu ma da namu laifin. Mu daina roƙon a ɗaga mana ƙafa wurin awon kaya, domin jirgi ba a-kori-kura ba ne. Ajali na hannun Allah, amma rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.