Fada Yana Gari, Majiyyaci Yana Tunga

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa in Musulmi uku suka haɗu a bakin gona, lokacin salla ya yi, sai su gabatar da wanda ya fi su karatu ya ja su, salla kuwa ta inganta. Wannan sauƙi shi ya sa da yawa daga cikin abokan karatunmu suke zaton haka abin yake ga kowa, watau muddin ba a hana mutum addu'a a ɗakinsa ba, to an gama ba shi haƙƙinsa. Mu 'yan ɗarikar Katolika da muka tashi a yammacin Zamfara muna so 'yan'uwa su sani cewa namu al'amarin dabam yake, domin rabin ibadarmu a hannun mutum guda take, shi kuwa sai ya bi hanya kafin ya iso gare mu.

Ibadar Katolika ta ginu ne bisa abubuwa bakwai da ake kira sakramenti. Akwai baftisma, wadda ita ce ƙofar shiga. Akwai tabbatarwa, wadda bisa al'ada bishop ne yake yi. Akwai Jibin Ubangiji da ake karɓa a cikin Misa. Akwai furta zunubi. Akwai shafa wa majiyyaci mai. Akwai ɗaurin aure. Sai kuma naɗin firist. Daga cikin waɗannan, Misa da furta zunubi da shafa wa majiyyaci mai ba sa yiwuwa sai da Fada. Kome ilimin katikis, watau malamin da ke riƙe da majami'ar ƙauye, ba shi da ikon yin ko ɗaya daga cikin ukun nan. Dokar Ikilisiya kuma ta wajabta wa baligi ya furta manyan zunubansa, ya kuma karɓi Jibi, aƙalla sau ɗaya a shekara.

To, ya kai mai karatu, ɗauki wannan doka ka kai ta Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ko wani ƙauye irin Tungar Guru. Katolika a wannan yanki tsiraru ne ƙwarai, kuma a warwatse suke: mai shagon magani a nan, ma'aikaciyar asibiti a can, ɗan sanda da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗan hidimar ƙasa da zai yi shekara guda ya tafi. Yankin yana ƙarƙashin dayosis na Sakkwato, wanda aka soma kafa shi a 1953 a hannun limaman Dominikan daga Amurka, ya zama cikakken dayosis a 1964. Tun daga zamanin nan Gusau take babbar cibiya, kuma tsarin bai sake ba: Fada yana zaune a faris, yana zagaya ƙananan majami'u bi da bi. In rabonku ya zo a yi Misa, in bai zo ba katikis ya karanta Littafi a watse.

Da can abin da ke tsare Fada shi ne damina da lalacewar hanya. Yau kuwa bindiga ce. Ba wanda ya manta da watan Janairun 2022, lokacin da 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka hallaka mutane masu ɗimbin yawa. Limaman ma ba su tsira ba. A watan Mayun 2021 aka kai hari gidan faris a Malumfashi, wadda a lokacin tana cikin dayosis na Sakkwato, aka kashe Fada Alphonsus Bello. Bayan irin wannan, wane bishop ne zai ce wa Fada ya hau babur da dare domin wani tsoho yana kan gargara a tunga? Tsohon nan kuwa abin da yake jira ke nan tun yana yaro ake koya masa, cewa kada ya bar duniya bai furta ba.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce yawancin waɗanda aka kashe a Zamfara Musulmi ne, an ƙona rumbunansu, an tashi garuruwansu, me zai sa a tsaya kan 'yan tsiraru? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mu zo gasar wahala da kowa ba. Hanyar da ta hana Fada zuwa ita ce ta hana manomi kai dawarsa kasuwa, ita ce ta hana mai naƙuda isa asibiti. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Iyakar roƙonmu shi ne a lissafa wannan asara ita ma, tun da sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 bai tsaya ga 'yancin imani a zuci ba, har ya ambaci yin ibada da kiyaye ta.

Amma ba gwamnati kaɗai za mu tuhuma ba. Ita kanta Ikilisiya tana da ƙofofin sauƙi waɗanda jama'arta da yawa ba su san da su ba. In jariri yana bakin mutuwa, kowane mutum yana iya yi masa baftisma da ruwa da kalmomin da aka sani. In an tabbata za a yi wata guda ba a sami Fada ba, doka ta yarda a ɗaura aure a gaban shaidu biyu. Tun 1973 aka faɗaɗa izinin naɗa amintattun mutane su kai wa marasa lafiya Jibi, a 2021 kuma Fafaroma Francis ya mai da aikin katikis muƙami tabbatacce. Me ya hana a karantar da waɗannan da Hausa a kowace majami'ar ƙauye? Kiristocin Jafan sun yi fiye da shekara 200 ba Fada, amma da aka gano su a Nagasaki a 1865 sai aka tarar suna nan suna yi wa 'ya'yansu baftisma, domin kakanninsu sun koya musu yadda ake yi. Naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Hausa, bishop na sabon dayosis na Katsina a 2023 ya nuna cewa ƙasar nan tana iya haifar limamanta. Sai a ƙara himma wajen horar da katikis da biyansa abin da zai riƙe iyali, maimakon a bar shi da godiya kawai.

Saura mu, ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Gobe ɗayanmu ne zai zauna a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗayanmu ne zai zama shugaban makaranta ko mai kula da asibiti. In wani na ƙarƙashinka ya nemi izinin kwana biyu ya je Gusau a makon Ista, kada ka ɗauka yawo zai je. Farilla ce ta shekara zai sauke. In takardar neman fili ko neman masu gadi ta zo teburinka daga wata ƙaramar majami'a, ka duba ta yadda za ka so a duba taka a Inugu ko Fatakwal. Mu Katolika kuma da muka sami boko, kada mu tare a birni inda Misa take kowace safiya mu manta da waɗanda muka baro. Hutu na nan tafe. Wanda ya koma gida ya zauna da katikis, ya taimaka masa da karatu, ya rubuta sunayen tsofaffi da majiyyata domin ranar da Fada ya sami hanya kada a tsallake kowa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya buɗe mana hanyoyinmu, amin.