DILLANCIN AIKI: A WUYAN WA LA'ADA TA KE?



Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin jam'iyya da hantsi ya san ba rubuta katin shiga kaɗai ne aikin akawu ba. Kafin mu buɗe ƙofa sai mu tarar da samari biyu ko uku bisa benci, kowa da ambulan a hammata, suna so a rubuta musu takardar neman aiki. To, ran Talatar da ta wuce wani yaro ya zo, ɗan wata mai tuyar ƙosai a unguwarmu, shi ba takarda ya ke so ba, ƙara ya kawo. Wani mutum ne ya kama zauren haya, ya liƙa takarda a bango wai ana neman ma'aikata a kamfani. Yaro ya biya naira 5,000 kuɗin fom, ya ƙara 3,000 wai na likita, aka ce ya komo bayan mako biyu a sada shi da masu kamfani su gana, watau abin nan da 'yan boko ke ce wa intabiyu. Da ya koma sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ga wasu samari sun yi cirko-cirko suna kallon kwaɗon. Kuɗin kuwa jarin uwarsa ne.

Maƙwabta suka ce ai yaron ne wawa. Mu ba mu yarda ba. Ko kun manta da ran 15 ga Maris, 2014? Ran nan aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa, bayan an karɓi naira 1,000 a hannun kowa, mutum fiye da 500,000 a kan guraben da ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Minna da Fatakwal da Binin, mutum fiye da 15 suka rasa rayukansu. In manya sun sayar wa mara aiki fom da rana tsaka, ƙaƙa yaro zai gane zamba ce sa'ad da mutumin zaure ya yi?

Wasu daga cikin 'yan'uwa sun ce mu rubuta a rufe duk irin waɗannan ofisoshi. Ba za mu rubuta haka ba, ga kuwa dalili. A zamanin iyayenmu mutum ya kan je ƙofar masaƙa ya tsaya, a ɗebi ɗari a rana guda. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. UNTL ta bi ta a 2007. Wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Challawa ya ga ƙofofi nawa ne ciyawa ta cinye. Aiki bai ƙare sarai ba, warwatsuwa ya yi. Mai shago a Kantin Kwari yana neman yaro ɗaya, makarantar kuɗi tana neman direba da maigadi, gidan burodi yana neman mai kwaɓi, gidan mai yana neman mai zuba mai. Mai neman ma'aikaci yana tsoron ya ɗauko ɓarawo, mai neman aiki kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Tilas a sami wanda zai tsaya tsakani.

Ku 'yan kasuwa ba sai an yi muku dogon bayani ba. Baƙo ya kawo shanu Wudil, ko hatsi Dawanau, bai san kowa ba, wa ya ke nema? Dillali. Shi ya san mai saye na kirki da mai ja da bashi, shi ke cewa "na tsaya masa," kuma in magana ta tashi shi a ke nema. Dillancin aiki ma haka nan ne, sai dai a nan ba buhu ko sa ne a tsakani ba, ƙarfin ɗan Adam ne da lokacinsa. Sana'a ce da mutum zai iya kafawa a zauren gidansa, mace ma ta iya a tsakar gidanta, kuma muna so 'yan'uwanmu masu amana su shige ta kafin 'yan damfara su gama ɓata mata suna.

Amma ga abin da mu ke tsaye a kai: la'ada a wuyan mai ɗaukar ma'aikaci ta ke. Mai neman aiki ba shi biyan ko kwabo. Ba kuɗin fom, ba kuɗin rajista, ba albashin watan fari, kamar yadda wasu dillalai su kan cafke.

Wani ɗan tireda ya ja da mu a kan wannan. Ya ce ai a kasuwa mai sayarwa ma ya kan ba da la'ada, shi kuwa mai neman aiki ƙarfinsa ya ke sayarwa. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, gama al'ada ta bambanta, wani wuri mai saye ke biya, wani wuri mai sayarwa. Amma mun tambaye shi, a wace kasuwa a ke biyan la'ada tun ciniki bai faɗa ba? Ya yi shiru. Sa'an nan mai sa in bai sayar yau ba, ya kora abinsa gida. Mai neman aiki in bai samu ba, yunwa ya ke korawa gida. Babban dalilin ma ba wannan ba ne. Dillalin da ke ci daga kuɗin fom, yawan masu layi ne ribarsa, ko an sami aiki ko ba a samu ba oho. Wanda ke ci daga hannun maigida kuwa, ba ya ganin kuɗi sai ma'aikaci ya shiga aiki ya zauna, saboda haka dole ya zaɓi na kirki, ya kuma kai shi gidan kirki. Ba mu muka ƙago wannan ba. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta aza ƙa'ida cewa kada dillalan aiki su karɓi kuɗi a hannun ma'aikata, Nijeriya kuwa ta amince da ita a 2023.

Kayan aikin ba su da yawa: benci, waya, da littafi biyu. Ɗaya na masu neman aiki, a rubuta suna da unguwa da sana'a da lambar katin ɗan ƙasa, da inda mutum ya taɓa aiki, da wanda ya tsaya masa. Mai tsayawan nan kuwa kada a yarda da muryarsa a waya, a taka a je a gan shi, a tambayi mai unguwa. Ɗayan na iyayen gida ne, a rubuta irin aikin, da awa nawa, da albashi, da ranar hutu, da ko ana ba da abinci. A kama layi ɗaya tukuna, ko direbobi, ko masu gadi, ko yaran shago, gama taura biyu ba ta taunuwa. Shawararmu a kan la'ada ita ce a yanka ta a rubuce tun da fari, a karɓi rabi ran kama aiki, rabi bayan wata, in ma'aikaci ya gudu kafin nan a sake wani kyauta. Littafin nan kuma amana ne, ba na sayarwa ba, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Abu ɗaya da zai kashe sana'ar cikin wata uku shi ne tura ɗan yayarka wanda kai da kanka ka san ba ya tashi sai hantsi.

Sai batun doka, kada wani ya ce ba mu faɗa ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 71, ta hana kowa buɗe ofishin samar da aiki na kuɗi sai da izinin Ministan Ƙwadago a rubuce, sashe na 25 kuma ya yi maganar lasin ɗin mai ɗebo wa wasu ma'aikata. Ma'aikatar ta kan nemi rajistar kamfani daga hukumar CAC, da shaidar haraji, da jinginar banki ko inshora, ta kuma aiko a duba ofis. Wannan riga an ɗinka ta ne daidai wuyan manyan kamfanonin Ikko, ba na mai zaure a Fagge ba. Muna kira ga Ma'aikatar ta fito da ƙaramin lasin mai sauƙin kuɗi don dillalan unguwa, domin wanda aka rubuta sunansa shi a ke iya kamawa in ya yi ɓarna. Kafin nan, mutum biyar ko shida su haɗa jari su yi rajistar kamfani guda, ya fi kowa ya yi ta ɓoye-ɓoye.

Yanzu bari mu zo ga ranar ganawa, gama a nan ne yaranmu su ke faɗuwa, kuma shirya su rabin aikin dillali ne.

An yi mana tarbiyya cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya ɗaga murya, ba ya yabon kansa. A gida wannan ladabi ne. Amma a gaban manajan da bai tashi cikin al'adarmu ba, yaron da ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu, ana tambayarsa yana cewa "to" ƙasa-ƙasa, sai a ɗauka ko bai san aikin ba, ko yana ɓoye wani abu. Mun ga makanikin da zai kwance inji ya ɗaura ido rufe, aka bar shi aka ɗauki mai baki. Mu da muka yi makarantar Mishan, tun muna aji huɗu a ke tsai da mu gaban aji mu yi magana, hedimasta yana cewa a ɗaga kai. Ba wayo muka fi kowa ba, horo ne, horo kuwa ana iya yinsa a zaure. Dillali ya zauna a matsayin maigida, yaro ya yi sallama ya shigo, a yi ta maimaitawa har bakinsa ya saba. Faɗin abin da ka iya ba fahariya ba ce.

In an ce "ba mu labarinka," ba asalin kakanka a ke tambaya ba. Faɗi sunanka, da abin da ka koya, da inda ka yi aiki, da shekara nawa, ka tsaya. In an tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba amma za ka koya, domin ƙaryar direba a kan titi ta ke tonuwa. Kada ka zagi tsohon maigidanka ko da ya cuce ka, gama mai sauraronka yana lissafin abin da za ka faɗa a kansa gobe. Ka je ka ga wurin tun jajibere, ka san kuɗin A Daidaita Sahu, ka san hajar da su ke sayarwa, ran ganawa ka riga lokaci da rabin awa. Tsohuwar riga wankakkiya ta fi kwat ɗin aro. Ka tafi da takardunka na ainihi a gani, ka bar musu hoto kawai, kada ka bar na ainihi a hannun kowa. Ka duba ko sunanka na satifiket ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa, harafi ɗaya ya sha hana mutum aiki. Yaron shago ya shirya a ce ya auna yadi, ko ya yi lissafin canji da ka, ko ya sarrafa na'urar POS.

Ga tambayar da ta fi kā da mutane: "Nawa za mu biya ka?" Sai ka ji yaro ya ce, "Duk abin da kuka ba ni, ranka ya daɗe." Haba! Wane ɗan kasuwa ne a ke taya hajarsa ya ce haka? Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau yawancin shagunanmu ke nan. Saboda haka ba mai tsare wa yaron shago farashi sai bakinsa da dillalinsa. Ya san abin da a ke biyan irinsa, ya faɗa da ladabi, ya kuma tambayi awa da ranar hutu da ranar biya. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Dillali ya karɓo takardar nan ya ajiye hotonta.

Saura magana ɗaya mai nauyi, ta 'yan aikin gida. Kowa ya san matan da ke ɗebo 'yan mata ƙanana daga ƙauye su rarraba gidajen birni, kuɗin wata ya faɗa hannun wani, yarinya ba makaranta, ba wanda ya san inda ta ke kwana. Wannan ba ya cikin sana'ar da mu ke magana. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta ce wanda ya sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya ɗauko shi ya bayar haya, ɗaurin wata 6 ne har zuwa shekara 7. Mu a ganinmu dillalin kirki ya tsaya kan manya kawai, ya shiga gidan ya gani da idonsa, albashi ya shiga hannun mai aikin, ya kuma riƙa leƙawa. Budurwar da aka aiko wa saƙo a waya wai ta zo ganawa a ɗakin otal, kada ta je. In ma ofis ne, ta tafi da wani, a gida kuma a san inda ta nufa.

Maganar yaron mai ƙosai mun rubuta ta, mun raka shi wurin 'yan sanda tare da mutum huɗu daga cikin waɗanda aka cuta, mai gidan hayar kuma ya yarda zai ba da shaida. Ran Asabar bayan la'asar za mu jera benci a ofis mu yi gwajin ganawa, wasu 'yan kasuwa biyu sun yarda su zauna a matsayin iyayen gida. Mai so ya zo da takardunsa, kada ya zo da kuɗi.