Kafin ka zuba miliyoyi a laftop ɗin gem, zo mu yi lissafi

Yau babu koyar da saitin waya, faɗa na zo yi, kuma na san wasu za su ji haushina. Ba komai, gara ka ji haushina yanzu da ka zo shago kana tambayata ko akwai dabara bayan aikin gama ya gama.

Kwanakin baya wani matashi ya shigo shagona da ƙatuwar jaka a baya. Ni waya nake gyarawa, amma ana kawo min laftop in share fanka ko in canza batir. Ya ciro wata irin ta gem ɗin nan mai fitilu kala-kala a kibod, irin wadda in ka buɗe a majalisa kowa sai ya miƙo wuya. Tokunbo ya saya, wata bakwai ke nan. Yana cikin wasa allon ya fara layi-layi, daga nan ya yi baƙi. Na buɗe bayanta, wallahi ƙurar da ta toshe hanyar iska ta zama kamar bargo. Na kai ta wurin wani babbanmu da ya fi ni sanin kwamfuta, ya duba ya ce injin hoton ne ya tafi, kuma a manne yake da fanel, sai dai a yi odar fanel ɗin gaba ɗaya daga waje. Kuɗin da aka faɗa mana ya kusa sayen wata laftop ɗin matsakaiciya. Na tambayi yaron, wai me kake bugawa da ita? Ya ce eFootball da GTA V. Jama'a, GTA V tun 2015 ya fito a kwamfuta. Laftop mai rabin rabin wannan kuɗin za ta ɗauke shi tana hamma.

Ban ce manyan laftop ɗin gem ba su da kyau ba. ROG na ASUS, Alienware na Dell, Legion na Lenovo, Razer Blade, manyan MSI, duk injuna ne na gaske. Allonsu ya fi na sauran haske da kala, jikinsu ya fi ƙwari, fankokinsu sun fi girma. Abin da nake ja da shi shi ne rabin kuɗin na sama. Akwai laftop ɗin gem ta wajen dala 1,000, akwai kuma wadda ta haura dala 3,000 har 4,000. Ka buga da canjin yau ka ga miliyan nawa ne. Wannan ƙarin da za ka biya, kai da ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, mafi yawansa ba za ka mora ba, kuma ga dalili.

Mu fara da sunan da ke jikin kwali, don a nan ake fara kwantar da mutane. Abin da ya fi tsada a cikin irin wannan laftop shi ne GPU, wato injin da ke zana hoton wasan. Kamfanin Nvidia na Amurka yana sa wa na laftop suna iri ɗaya da na kwamfutar tebur, alhali cikinsu ba ɗaya ba ne. RTX 4090 na tebur yana da ƙananan ƙwayoyin aiki 16,384, ma'adanarsa giga 24, kuma yana shan wuta har wat 450. RTX 4090 na laftop ƙwayoyinsa 9,728, giga 16, wutar da ake ba shi ba ta wuce wat 175. Asali ma guntun da ke cikinsa irin na 4080 ɗin tebur ne, aka rage masa wuta. Da aka fito da 5090 a 2025 haka aka sake yi: na tebur ƙwayoyi 21,760 da wat 575, na laftop 10,496, ko rabi bai cika ba. Ka ga bidiyon wani a YouTube yana gwada 4090 na tebur, ka je ka sayi laftop mai wannan lambar, ka dawo gida kana mamakin me ya sa naka bai yi kamar nasa ba.

To ga abin da masu talla ba sa son tsayawa a kai. A matsakaicin aji wannan giɓin kusan babu shi. RTX 4060 na tebur ƙwayoyi 3,072, giga 8, wat 115. Na laftop ma 3,072, giga 8, kuma in kamfanin ya sakar masa wuta yana kai wat 115 ɗin. Ma'ana wanda ya sayi matsakaiciya ya samu kusan abin da aka rubuta masa, wanda ya sayi babbar kuma ya biya kuɗin suna. Ko a nan ma sai ka buɗe ido, domin 4060 ɗin ana iya saita shi tun daga wat 35 har 115. Laftop biyu za su zo da sitika iri ɗaya, siririyar mai kyan gani ta sha kashi a hannun mai kauri. Mai shago ba zai gaya maka ba, sau da yawa shi ma bai sani ba.

Sai wuta, kuma a nan ne nake son ka nutsu. Cajar wayarka wat nawa ce? A ce 33. Cajar manyan laftop ɗin nan wat 280 ce ko 330, cajar waya goma ke nan a soket ɗaya, ga ta ƙatuwa kamar bulo. Za ka ce ai tana da batir. Tana da shi, amma ka taɓa lura cewa mafi girmansu 99.9Wh ake rubutawa? Dokar jiragen sama ce ta jawo haka, batirin da ya wuce 100Wh ba a shiga jirgi da shi sai da izinin kamfanin jirgin, shi ya sa masu ƙera laftop suke tsayawa a bakin layi komai tsadarta. Batirin waya mai 5,000mAh wajen 19Wh ne, ka ga ke nan batirin waya biyar ne a cikin babbar laftop ɗin. Injin da ke jan wat 250 zai shanye wannan a ƙasa da rabin awa. Don kada hakan ta faru, da zarar an ɗauke wuta laftop ɗin da kanta take rage ƙarfinta sosai, wasan ya fara tsattsayawa, kuma duk da haka da ƙyar ka yi awa ɗaya da rabi kana gem mai nauyi. Ƙarfin nan da ka biya miliyoyi dominsa yana nan ne kawai lokacin da take jone da bango.

Yanzu ka tambayi kanka awa nawa ake ba unguwarku wuta a rana. In ƙaramin janareta za ka dogara da shi, ka lissafa kuɗin fetur na kowane dare, ka kuma tuna yadda wutarsa ke hawa da sauka. Cajojin da ake kawo mana sun ƙone saboda haka ba su ƙirguwa, kuma asalin caja mai wat 330 ba a kowane shago ake samunta ba. In sola ce, ƙaramin saitin da ke ɗaukar fanka da fitila da cajin waya ba zai riƙe ta cikin dare ba. Duk wanda ya ce zai sayi irin wannan laftop bai sa kuɗin inbata da batir a lissafi ba, rabin farashin kawai ya sani.

Zafi kuma shi ne ya kashe ta yaron nan. Laftop ba ta da wata hanyar hucewa sai iskar ɗakin da take ciki. Masu gwajin da kake kallo suna zaune a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, kuma a hakan ma firosesa tana kai digiri 90 da wani abu. In ta kusa 100 sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Kai kuma a watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano, fanka ba ta juyawa, wace iska za ta zuƙa? Hunturu ya zo, zafi ya ragu, sai ƙura ta karɓi aiki. Fankokin nan iska suke ja da ƙarfi kamar jirgi zai tashi, duk abin da ke cikin iskar kuma a ciki yake tsayawa. Ga ɗabi'armu ta ɗora laftop a kan katifa ko darduma, alhali ta ƙasa take shaƙar iska. Zafi yau, sanyi gobe, dalmar da ke riƙe da guntun tana buɗewa tana tsukewa, wata rana sai ta saki.

In ta saki, a nan ake gane bambancinta da kwamfutar tebur. A ta tebur, katin hoto ya mutu ka zare shi ka sa wani, minti goma. Bayan shekara uku ya tsufa, ka sayar ka ƙara kuɗi ka sayi sabo, sauran kayan suna nan. A laftop, GPU da firosesa duk a manne suke. Wasu siraran masu tsada, kamar Zephyrus G14 ta 2024, har RAM ɗinsu a manne yake, abin da ka saya da shi za ka zauna har ƙarshe. Wasu kuma maimakon man sanyaya firosesa na yau da kullum, narkakken ƙarfe ake sa musu. Yana ɗauke zafi sosai, amma wuta tana bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya ya zuba a fanel an gama. Ni kaina in na ga irin wannan ba na kwance ta, na san iyakata, kuma ina ba ka shawara ka tambayi duk mai gyaran da zai buɗe taka ko ya taɓa yi. Garanti fa? Wadda aka sayo a Dubai ko Amurka, sau da yawa garantin na can ne. Tokunbo kuwa gwajin kwana biyu ko sati ne, kuma ba ka san shekara nawa mai ita na farko ya yi yana gasa ta ba.

Wani zai ce allon 240Hz fa, ai a wasan harbi shi ne nasara. A irin wannan allon hoto yana sabuntawa kusan kowane milisakan 4. Madalla. Amma in sabar wasan tana Turai, kai kuma kana jone da hotspot ɗin wayarka, saƙonka yana cin sama da milisakan 100 kafin ya je ya dawo. An harbe ka tun kafin allon ya nuna maka. Kada mu manta manyan wasannin yanzu da yawa sun haura giga 100, ban da sabuntawar da ke zuwa a kai a kai. Da wace datar?

Akwai waɗanda ban da su a faɗan nan, kuma zan faɗa don a yi adalci. Mai haɗa bidiyon biki ko fim da ke aiki da 4K, mai zanen gini da ke fitar da hoton gida kafin a gina, mai aikin Blender, ɗalibin injiniya da dole ya ɗauki na'urarsa daga hostel zuwa aji. Wanda aikin awa uku zai koma masa minti arba'in, kuma kwastoma yana jira, to laftop ɗin tana mayar masa da kuɗinta. Shi ma in a wuri ɗaya yake zaune yana aiki, ta tebur ta fi masa. Kuma wanda Allah ya hore wa, yana da sola mai ƙarfi da ɗaki mai sanyi, ya ce kuɗina ne ina so, bismillah, ba ni da ta cewa. Da wanda nake shi ne ɗan uwana da ya sayar da babur, ko ya shiga adashe na shekara, ko ya matsa wa mahaifiya ta sayar da abin hannunta wai zai koyi kwamfuta, alhali abin da ke ransa a ga fitilar kibod a TikTok. Koyon rubuta manhaja ko zanen fosta ba ya buƙatar 4090, kowa a harkar ya san haka.

In gem ne zalla, ka fara duba me kake bugawa. PUBG Mobile, Free Fire, Call of Duty Mobile, waɗannan na waya ne, waya mai kyau ta ishe ka, kuma ƙaramin fawa bank yana riƙe ta. In ƙwallo ce da manyan wasanni a talabijin, PlayStation 5 tana nan tun 2020 a kan kuɗin da bai kai rubu'in babbar laftop ba. In dole sai laftop, ka tsaya a ajin su Lenovo LOQ, ASUS TUF, Acer Nitro ko HP Victus, mai 4050 ko 4060 ko na bayansu. Kafin ka biya, ka sa cikakken sunan samfurin a Google ka ƙara TGP, za ka ga wat nawa aka ba GPU ɗin. Ka tambaya ko RAM ɗin na cirewa ne, ko akwai gurbin ƙara SSD. Ka duba cajar ta asali ce. In tokunbo ce, kada ka yarda da kunnawa a kashe. Ka sa a buɗe wasa mai nauyi a bar shi minti ashirin a gabanka, ka saurari fanka, ka taɓa saman kibod, ka ga ko hoton zai fara tsalle. Mai kayan da ya ƙi wannan gwajin ya san dalilinsa. Ragowar kuɗin ka sayi stabilaiza da ɗan abin ɗaga ta daga tebur, kuma duk bayan hunturu ka kai a share fankar.

Laftop ɗin yaron nan har yanzu tana ƙasan kantata a cikin jakarta. Ya ce in nemo wanda zai sayi allon da RAM da SSD, ko ya rage asara. Allon an taya, saura cajar, ita kaɗai ce kowa ke tambaya. Wanda ke shirin saye, ya rubuto sunan samfurin da wasan da yake bugawa a ƙasa, in na tashi daga shago da daddare zan duba in gaya masa wat nawa ne a ciki.