Gwandu da Masu Shiru-shiru

A wajen shekarar 1807, rundunar jihadi ta kama hanyar Alkalawa, sai Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zare jikinsa ya bar ta. Shi ne fa ya jagoranci Jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, shi ya ci Birnin Kebbi a 1805, ga shi ƙanen Shehu kuma wazirinsa. Duk da haka ya ɗauki mutum biyar cikin abokansa, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat ya ba da labarin yadda suka kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Bai kuma ɓoye abin da ya kore shi ba. Da yawa cikin abokan tafiyarsa na ƙwarai sun yi shahada, waɗanda suka cika sahu kuwa hankalinsu ya koma kan mulki da ganima da dawaki da tufafi.

Dalili ne na addini, haka malamanmu suke karantar da shi, kuma haka ne. Amma ni nakan hango hali a cikinsa. Mutane da yawa sun ga abin da Malam Abdullahi ya gani, kowa ya bi da shi yadda zuciyarsa take: wani ya yi faɗa, wani ya kau da kai, wani ya shiga aka dama da shi. Shi da ransa ya ɓaci, daji ya nema. Wanda ya fita daga Tabkin Kwatto da nasara ba a kiransa matsoraci, ba a kuma cewa bai iya hulɗa da jama'a ba, tunda tun yana saurayi yake bin Shehu yawon wa'azi a Zamfara da Kabi. Ya iya taro sarai. Abin da dai, hankalinsa ya fi kwanciya a gaban littafi da tawada.

Gudun bai yi ba. Da ya isa Kano, mutanen gari suka tare shi, suka hana shi wucewa, suka ce ya zauna ya koya musu yadda za su tsayar da shari'a. Ya duba ya ga abin da ya guda a gida shi ya tarar a nan ma. Sai ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ke bayanin aikin shugaba da alƙali, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Daga nan ya juya ya koma gida. Ya je neman kaɗaici, ya dawo da littafi, kuma a ganina nan ya gane irin aikin da zai iya yi wa jama'a ba tare da ya narke a cikinsu ba.

Mulki bai sake shi nan da nan ba. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar daula, yamma ta faɗo hannun Malam Abdullahi, gabas hannun Muhammadu Bello. Ya zauna a Boɗinga. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, shi kuma ya koma Gwandu da ɓacin rai. Sai bayan yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki, suka shirya, baffa ya gaida ɗan wansa da Sarkin Musulmi. Abin da ya biyo baya shi ya fi ɗaukar mini hankali. Ga ƙasa mai faɗi a ƙarƙashinsa, ga sarauta ba mai ja da shi a kanta, sai ya bar yawancin harkar mulki da yaƙi a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, shi ya duƙufa ga karantarwa da rubutu har ya rasu a 1829.

A duba abin da ya fito daga wannan alƙalami. Liya'ut Ta'awili, tafsirin da ya kammala a 1816, an buga shi a Alƙahira a 1961, har yau ana jan baƙi da shi a zaurukan Arewa. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan. Ga Bahrul Muhiɗ a nahawu, ga Hisnur Rasin a sarfu, duka a waƙe. Ga Ida'un Nusuk, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu. Ya jingina ƙwarai da littattafan Imam Suyuɗi na Masar, wanda shi ma a ƙarshen rayuwarsa ya janye daga hidimar sarakuna ya tare a tsibirin Rauda yana rubutu har ya rasu a 1505. Ganuwar garuruwan da aka ci da yaƙi ta zube, iyakokin daular sun sake fasali, hedikwatar masarautar ma ta bar Gwandu ta koma Birnin Kebbi. Littattafan ne ba su motsa ba.

Sai dai tarihin Gwandu yana da wani shafi da ya kamata a karanta tare da wannan. Malam Halilu, ɗan Malam Abdullahi, ya hau gadon a 1833, ya yi shekara 25 a kai. Malami ne, mai tsoron Allah, mutane da yawa suna ɗaukarsa waliyyi, kuma a farkon zamaninsa ya fita yaƙi, ya sa baki a rikicin 'ya'yan Malam Dendo a ƙasar Nufe. A watan Mayun 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a Gwandu. Ya nemi ganin sarki bai samu ba, dole ya miƙa kyautarsa ta hannun 'yan tsakani, su kuma suka tatse shi. Ya rubuta cewa Halilu ya killace kansa, ya fi kama da mai halwa fiye da mai mulki. Ba zan haɗiye maganar Barth duka ba, don baƙon da aka hana ganin sarki ba ya rasa tsegumi, kuma ƙin ganin Nasara a wancan zamani yana iya zama manufa ce. Amma akwai abin da ba a musu a kansa: tun 1849 Kabawa suka yi tawaye a ƙarƙashin Yakubu Nabame, hanyoyi suka lalace, hari yana kaiwa kusa da Gwandu kanta. A irin wannan lokaci ƙasa tana son sarkin da ake gani a ƙofar fada.

Uba da ɗa, hali kusan ɗaya. Uban ya gane abin da ke cinye masa ƙarfi, ya miƙa shi ga waɗanda suke jin daɗin yinsa, ya riƙe abin da babu mai yi kamarsa. Ɗan kuwa ya riƙe kujerar, ya janye jikinsa, 'yan tsakani suka cika gurbin. Mai shiru-shiru yana iya riƙe babban aiki, amma sai ya zauna ya tantance wane ɓangare na aikin ne nasa. In ya karɓi aikin da rabinsa tsayuwa gaban jama'a ne, ya kuma ƙi tsayuwar bai wakilta kowa ba, wasu ne za su biya kuɗin shirunsa.

Wani abin dariya shi ne, mafi tsadar abin da Barth ya samu a Gwandu ba daga fada ya fito ba. Wani malami ne ya ara masa kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Abdurrahman Sa'adi na Tumbutu ya rubuta, ya kwashe kwanaki yana kwafar abin da zai iya. Ta wannan hanya Turai ta fara sanin littafin, ko da yake shi Barth ya zaci na Ahmad Baba ne. Wani marubuci da ba a ajiye sunansa ba ne ya zauna a zaure, ya feƙe alƙalamin kara, ya bi shafi bayan shafi har littafin ya samu zama a Gwandu.

Abin da ya sa nake tono wannan tarihi shi ne yadda muke yi da yaranmu marasa yawan magana. A ƙasar nan an yarda jama'a rahama ce, kuma gaskiya ne. To amma yaron da ya fi son zama shi kaɗai, nan da nan an sa masa suna: miskili, mai girman kai, ko a ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. Wani ɗan kasuwa da ke da rumfar atamfa a kasuwar Jega ya taɓa kawo mini ƙarar ɗansa. Ya ce, "Malam, wanga yaro ya ishe ni. In mai saye ya zo, sai ya tsaya shina kallon shi kamar an ɗaure mai baki. Mi za ni yi da shi?" Na tambaye shi wa ke riƙe masa littafin bashi. Ya ce shi yaron, kuma tun da ya karɓa ko sisi bai ɓace ba. Da aka kira yaron, kansa a ƙasa, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Baba, ni ciniki ne ban iyawa. In na wuni a rumfa, ji nake kaina zai tsage."

Uban bai so ba, amma ya bar shi ya tafi makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, ya karanta aikin ɗakin gwaji. Yanzu yana wani asibiti a Kalgo. Na taɓa tsayawa ina kallonsa yana duba jinin wata yarinya mai zazzaɓi. Ya ɗiga jini a kan gilashi, ya baza shi, ya bari ya bushe, ya zuba masa rini, ya wanke, ya sake jira. Sannan ya ɗiga mai, ya sunkuya kan madubin likita, yatsunsa suna murza maɓalli a hankali, yana bin gilashin gurbi bayan gurbi. Ƙa'idar aikin ita ce ba a cewa babu ƙwayar maleriya sai an duba gurbi aƙalla 100. Mai gaggawa, ko wanda rabin hankalinsa yana wurin hirar da ake yi a baranda, zai duba 20 ya rubuta babu, yarinya ta koma gida da ciwonta. Shi bai ɗago ba sai da ya gama. Halin da ya sa ya zama kaya a rumfar atamfa, shi ne jarinsa a wannan ɗaki.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. Tun 1921 Carl Jung ya bambanta mutanen da hankalinsu ya fi karkata ciki da waɗanda nasu ya fi karkata waje, kuma a 2012 Susan Cain ta Amurka ta rubuta littafi guda a kan yadda makarantu da ofisoshi suke fifita mai baki. Rabon bai kai tsaurin da ake ba shi a intanet ba, yawancin mutane suna tsakiya ne. Tambayar da ta fi amfani ga saurayi ko budurwa mai neman sana'a ita ce: bayan wunin aiki, mene ne ya gajiyar da ni, aikin kansa ko yawan mutanen da ke cikinsa? Gajiyar aiki barci yana maganinta. Ɗayar kuwa taruwa take yi, har mutum ya wayi gari yana ƙin sana'ar da ya iya.

Ayyukan da ke son natsuwa ba su yi ƙaranci a nan ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 ta fara zama a Kalgo, tana buƙatar masu kula da ɗakin karatu da ɗakunan gwaji da masu bincike. Masu noman shinkafa a fadama suna buƙatar mai gyaran injin ban ruwa wanda zai saurari ƙarar inji ya gane inda ciwon yake. Ga lissafin kuɗi, ga aikin kwamfuta, ga ɗinkin hula da aikin wuyan riga, ga gyaran waya. Ga kuma tsofaffin takardun da ke jibge a gidajen malamai a Gwandu, gara da ɗanshi suna ci, suna jiran mai haƙurin da zai karanta rubutun, ya jera su, ya ɗauki hotonsu.

Kada kuma mai shiru-shiru ya ɗauka an ba shi lasisin ɓuya. Malam Abdullahi bai daina zama da ɗalibai ba, kuma don su ya sake rubuta tafsirinsa a sauƙaƙe. Ma'aikacin ɗakin gwajin nan dole ya koyi yi wa uwa mai firgici bayani, ya kuma iya ce wa likita sakamakon nan a sake dubawa. Tela dole ya iya faɗin kuɗin aikinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, in ba haka ba ƙwarewarsa ta ƙare a aljihun dillali. Gaisuwa da zumunci da zuwa jana'iza ba a ɗauke wa kowa ba. Waɗannan koyonsu ake yi, kamar yadda ake koyon sauran aikin.

Sauran nauyin yana kan masu ɗaukar ma'aikata. Har yanzu yawancin tantancewar da ake yi ta zama ce a gaban mutum huɗu ko biyar, a yi tambaya, wanda ya fi zuba ya tafi da aikin. Ga wanda za a tura talla ko hulɗa da jama'a, wannan gwaji ne mai kyau. Ga mai duba jini ko mai riƙe lissafi kuwa, sai a ajiye masa gilashi goma da aka riga aka san abin da ke cikinsu, ko littafin kuɗi da aka dasa wa kuskure uku, a ba shi awa guda, a fita a ja masa ƙofa.