Kafin a sayi injin gahawa a Magama, a fara da na'urar niƙa

Duk wanda ke yawo a TikTok ko Instagram ya saba ganin bidiyon nan: inji mai ƙyalli, gahawa na tsiyaya cikin ƙaramin kofi, kumfa ruwan zuma ta hau kanta. Sunan wannan haɗi esfireso, kuma daga Italiya ya fito. Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa a Magama, inda motocin kaya ke tsallakawa zuwa Ɗan Issa da Maraɗi, zai iya buɗe Jumia ko AliExpress ya yi odar irin wannan inji cikin minti biyar. Sai dai wanda ya fara da injin ya soma daga ƙarshe ne. Abin da ya fi cancantar kuɗinsa na farko shi ne na'urar niƙa ta hannu da ƙaramin sikeli.

Dalilin yana cikin yadda ake haɗa esfireso. Ana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 da matsi na kusan bar 9 ta cikin garin gahawa da aka danne. Ma'aunin da masu sana'ar suka fi bi shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 na ruwan gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Garin da kansa ne ke tare ruwan. Idan ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce da gudu, a sha tsami. Idan ya yi laushi fiye da kima, ruwa zai maƙale, a sha ɗaci. Inji, komai tsadarsa, ba ya gyara niƙan da ya lalace.

Na'urorin niƙa iri biyu ne. Akwai mai wuƙa, wadda ke aiki kamar bilendar kicin: tana sassare ƙwayoyin ne kawai, wani ya zama ƙura, wani ya rage gutsure. Akwai kuma mai haƙora, wadda ke murƙushe ƙwaya tsakanin ƙarafa biyu kamar dutsen niƙa, kuma ana iya matse tazararsu ko a sassauta. Ta biyun ce kaɗai ta dace da esfireso. Kai gahawa wurin mai injin niƙa na unguwa ma ba mafita ba ne, domin za ta dawo da ƙamshin barkono da citta.

A cikin masu haƙora, ta hannu ta fi dacewa da Magama. Ba ta jiran wutar KEDCO, ba ta tsoron hawa da saukar wuta, kuma tana shiga jakar goyo. Kamfanoni irin su 1Zpresso da Kingrinder da Timemore suna yin su da haƙoran ƙarfe. Abin dubawa kafin biya shi ne ƙanƙantar matakan saitinta: esfireso na buƙatar a iya canza laushin gari kaɗan-kaɗan, don haka na'urar da aka yi don gahawar tacewa kawai za ta ba da wahala. Niƙa giram 18 da hannu aikin kusan minti ɗaya ne.

Injin lantarki kuwa yana zuwa da nasa lissafin. Yawancin na gida suna jan wat 1,000 zuwa 1,500 lokacin dumama ruwa, nauyin da ƙaramin janaretan shago ko inbatan da aka kafa don fanka da cajin waya ba za su ɗauka ba. Sannan akwai batun ƙarfin wuta. Najeriya da Nijar duk suna kan bolt 220 zuwa 230, don haka injin da aka samo a kasuwar Maraɗi zai yi aiki, illa dai filoginsa mai zagayayyun ƙafafu zai nemi adafta. Wanda aka ƙera don Amurka kuwa na bolt 120 ne. Jona shi kai tsaye ƙona shi ne. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri shi ma yana tara farin dutse cikin bututun inji. Idan famfo ya mutu, kayan gyaransa ba a teburin mai gyaran waya suke ba. Lambar "15 bar" ko "20 bar" da ke jikin kwali kuma iyakar ƙarfin famfo ce, ba shaidar daɗin gahawa ba.

Wanda ya mallaki na'urar niƙa yana da hanyoyin da ba su buƙatar soket. Butar Moka, wadda kamfanin Bialetti ya fitar a Italiya a 1933, tana hawa kan gas ko kurfoti kamar butar shayin Buzaye. Matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, saboda haka ba esfireso na haƙiƙa take bayarwa ba, amma gahawarta na da kauri da ƙarfi. Mai son na haƙiƙa zai iya neman injin hannu irin Flair ko Wacaco Picopresso, waɗanda ƙarfin damtse ke ba su matsi, ruwan zafi kuma daga buta.

Sauran tarkacen ba su da yawa. Sikeli mai auna giram 0.1, irin na masu gwal, ya fi kowane cokali gaskiya. Agogon ƙidayar daƙiƙa yana cikin kowace waya. Madannin gari dole ya dace da faɗin kwandonsa: wasu milimita 51 ne, wasu 58, kuma nan ne masu odar intanet suka fi yin kuskure. A ƙara da buroshi da gwangwani mai rufuwa gam. A lokacin hunturu, busasshiyar iska tana sa gari ya manne wa jikin na'ura. Ɗigon ruwa ɗaya a kan ƙwayoyin kafin niƙa yana maganin hakan.

Saura ƙwayar gahawar. Ba dole sai ta Habasha ko Brazil ba, domin ana noma arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba. A nemi wadda ba a niƙa ba, mai ɗauke da ranar da aka soya ta, a saya kaɗan-kaɗan, domin ƙamshi yana fara gudu da zarar an niƙa, zafin Jibiya kuma ba ya taimaka masa.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, tunda mai shayi na bakin tasha zai kaɗa Nescafé da madara cikin minti ɗaya. Suna da gaskiyarsu: wanda buƙatarsa kawai ya wartsake kafin a buɗe ƙofar boda, wannan ya ishe shi, kuma ya riƙe kuɗinsa. Haka wanda ke da sola mai ƙarfi a gida zai iya sayen injin lantarki ya more shi. Amma shi ma sai ya nemi na'urar niƙa mai kyau kafin injin ya nuna abin da ya iya.

Kaya masu famfo da allon lantarki suna tsufa kamar waya. Haƙoran ƙarfe kuwa suna shekaru suna aiki, kuma za su bi mai su daga butar Moka zuwa duk injin da aljihunsa ya kai gare shi nan gaba.