Waiwaye: Daɗin Sallah Ba a Kasuwa Ake Sayo Shi Ba

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, hira a gidaje da majalisu sai ta koma ta kayan Sallah. Kasuwar Kantin Kwari a Kano ba masaka tsinke, teloli sun daina ɗaga waya, magidanci kuwa barci ya ƙaurace masa don lissafi: shaddar yara maza, atamfa da leshin uwargida da 'yan mata, takalma, mayafi, agogo, tabarau, har da bindigar roba ta auta. A wasu gidajen yaro ɗaya sai an yi masa kala uku kafin a ce an yi masa Sallah.

Wannan buri yana ƙaruwa ne a daidai lokacin da aljihu ke ƙara ramewa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin komai ya tashi, har hauhawarsa ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mai wannan albashi da 'ya'ya biyar, in ya ce sai ya yi irin ta maƙwabcinsa ɗan kasuwa, bashi zai ci, kuma har Babbar Sallah ta zo bai gama biya ba.

Waiwaye dai adon tafiya. A gidajen da muka taso, kala ɗaya ake ɗinka wa yaro, wata shekarar ma rigar wansa ake rage masa. Babbar rigar Baba ta bara ita ake wankewa a kai wa masu bugu, ta dawo tana sheƙi kamar yau aka yanko ta. Hula a kai wa mai wankin hula. Ana gobe Sallah 'yan mata su taru a tsakar gida, a kwaɓa lalle a ƙunsa musu, wata maƙwabciya tana kitso har dare ya raba, ladanta kuwa godiya da ɗan goro. Babu wanda ya ji an rage masa wani abu, domin hankalin kowa yana kan gobe.

Abin da muka fi jira shi ne kai tuwon Sallah. Ana saukowa daga Idi, iyaye mata sun jera kwanuka a bakin murhu: tuwon shinkafa, miyar taushe, wani gidan waina ko funkaso. Inna ta ɗora wa kowane yaro kwano a ka, ta faɗa masa gidan da za shi da abin da zai ce: "Ka ce ina gaida Gwaggo, ina yi mata barka da Sallah." Yaro ya yi sallama, ya durƙusa, ya isar da saƙo. Gwaggo ta juye tuwon, ta wanke kwanon, ta zuba nata a ciki, ta haɗa masa da alkaki ko kwabbai na barka da Sallah, ta ce, "Ka ce mata na gode, Allah ya maimaita mana." Kafin azahar abincin gidaje goma ya haɗu a gida ɗaya, kuma gidan da ba a ɗora tukunya ba saboda rashi, shi ma ya cika da kwanuka ba tare da an tona asirinsa ba. A wannan zirga-zirgar yaro ke koyon gaisuwa, ya san wace ce ƙanwar kakarsa, ya san wane tsoho ne ba shi da kowa a unguwa.

Sai yawon Sallah, wanda jarinsa ƙafa ce kawai. A fara da gidan kakanni, a bi ta wajen Kawu da Baffa, a leƙa malamin allo. A Kano yara su ɗunguma kallon Hawan Sallah, washegari Hawan Daushe, sannan Hawan Nasarawa, ba a biyan ko sisi. Wannan hawa da talaka ke kallo kyauta a gefen titi shi ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya na gado a Disambar 2024. Ka tambayi duk wani babba abin da yake tunawa na Sallar yarintarsa. Zai ba ka labarin dawaki da algaita, da dambun naman kakarsa, da ƙirga kuɗin barka da Sallah da dare shi da 'yan uwansa. Da wuya ya tuna kalar rigar da ya sa.

To me ya sauya? Gasa ce ta shigo. A da idon unguwa kaɗai ke kanka, yanzu hotunan Facebook da TikTok sun sa kowa yana auna gidansa da na mutanen da bai taɓa gani ba. Ga shi kuwa Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da yara ke ɗauka. Yaron da ya ga mahaifinsa da mahaifiyarsa suna cacar baki a kan leshi, ya ga ranar Idi Baba fuska a murtuke saboda mai bin bashi, zai taso da fahimtar cewa Sallah kaya ce, kuma wanda ba shi da kuɗi ba shi da Sallah.

Addinin da ya kawo Sallar bai ɗora mana wannan nauyi ba. Abin da aka so shi ne mutum ya yi wanka, ya sa mafi kyawun tufafin da yake da su, ko da ba sababbi ba ne. Abin da aka wajabta shi ne zakkar fidda kai, sa'i ɗaya na abincin gari a kan kowane mutum, a ba mabuƙaci kafin a tafi Idi. Layya ma a kan mai hali take. Ashe tun asali an gina ranar ne a kan bayarwa da haɗuwa.

Ba laifi ba ne a faranta wa yaro da sabuwar riga, wanda Allah ya hore wa ya yi. Amma magidanci da uwargida su zauna tun farkon azumi su yanke abin da za su iya, su gaya wa yara gaskiya, domin yaro na fahimta in an yi masa bayani da mutunci. Sannan su zaɓi abubuwa biyu ko uku da gidansu zai riƙa yi kowace shekara, da kuɗi ko babu: a tafi Idi tare, yara su kai abinci maƙwabta da hannunsu, a je gaida tsofaffin dangi da ƙafa maimakon a tura saƙo a waya. Kuɗin kala ta biyu da ta uku, a sayi hatsi a ƙara a tukunya, ko a ɗinka wa marayan unguwa.

Riga takan yi wa yaro kaɗan kafin shekara ta zagayo. Zumuncin da aka koya masa kuwa da shi zai tsufa, har ya koya wa nasa 'ya'yan. Wannan gadon kowane uba da kowace uwa na da halin barin sa, mai albashi da marar albashi, kuma bana ya kamata a fara.